Titin da Baba Ya Daina Ji

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu nan sai godiya.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da idonsa ya tafi bai taɓa yarda wani ya riƙe masa hannu ba. Kullum da safe zai ɗauki sandarsa ya tsaya a bakin babban titi, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma. Da ƙarar injuna ta yanke, sai ya tsallaka zuwa shagonsa na saƙar kujeru. Har tsokanar direbobi yake yi, wai tun daga kwana yake gane motar da ta daɗe ba a yi mata juyen baƙin mai ba.

To, yanzu an kwashe tasi da bas masu shan fetur, an zuba masu lantarki. Sululu suke wucewa kamar mage. Ba zan yi ƙarya ba, hayaƙi ya ragu, tarin 'yata ya lafa, labulen falo ma ya daina yin baƙi. Amma shekaranjiya Baba ya ji shiru, ya sa ƙafa, madubin wata tasi ya make shi a kafaɗa. Direban ya kawo shi gida, yana ta ba da haƙuri. Kumburi ne kawai. Baba kuwa dariya yake yi, wai motar da ba ta sallama ai ɓarauniya ce. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Na ga amsarka, Allah ya bar zumunci. Ya jikin ƙaramin naku?

Shawararka ta a dawo masa da saƙar gida na faɗa masa. Ya ce a gida wa zai wuce ya ce masa sannu da aiki, bango? Na ce to zan riƙa raka shi kafin in tafi asibiti wurin aiki. Ya ce shi ba buhu ba ne da za a kai a ajiye. Ka san halin mahaifinka, kai ma shi ka ɗauko.

Na je ofishin sufuri. Wata mata mai kirki ta ce motocin suna da ɗan sauti idan suna tafiya a hankali, kuma ana shirin sa fitilar tsallakawa mai ƙararrawa. Na tambaye ta yaushe, ta sunkuyar da kai. Ɗan sautin kuwa, tsakanin masu talla da rediyon mai shayi, ko ni ban jinsa.

Yanzu yini yake yi a bakin taga, wai yana koyon ƙarar taya. Idan ya ce mota ta wuce, sai in leƙa. Yawanci babu komai, in ce masa eh. Tsoro nake ji, Yaya.

Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya.

Jiya Baba ya sa rigarsa mai aljihu, ya ɗauki sanda ya fita bai ce da kowa komai ba. Na cire takalmi na bi shi daga nesa. Ya isa bakin titi, ya karkata kai yadda ya saba. Motoci na ta wucewa. Can hanya ta yi fayau, babu ko keke, ina ta ce masa a zuci, tafi, Baba, tafi. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Haka ya tsaya har rana ta fara cizo, ga ƙofar shagonsa can a kulle.

Sai ya juyo daidai inda nake, ya ce, "Auta, tun daga ƙofar gida nake jin takunki. Ke ina jin ki, su ne ba na ji."

Ya miƙo mini hannu. Na zaci tsallakawa za mu yi, har na fara duba hanya. Mukullin shagon ya sa mini a tafi, ya ce in kai wa mai kujerar da bai gama ba, in ba shi haƙuri. Sannan ya kama gefen mayafina, muka koma gida.

Yau da safe sandar tana bayan ƙofa, bai tambaye ta ba. Idan da hali ka zo, Yaya. Ka yi magana tun daga zaure, don ya ji zuwanka.

Taka,
Auta