Kada a Kashe Kwamfutar Malam Babakura

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Rubuta Manhaja ta Potiskum da Kewaye, ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Injiniya Hajiya Raudatu Gumsu, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayen da suka kafa ta, Sakataren Fasaha kuma mai kula da tsohon zauren imel na ƙungiya, Injiniya Malam Babakura Yaji, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Talatar da ta gabata bayan gajeriyar jinya, aka kuma sallace shi aka kai shi makwancinsa kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi Malam Babakura shi ne ya buɗe wa wannan ƙungiya zauren imel fiye da shekara goma da suka wuce, a kan wata kwamfuta da ya harhaɗa da hannunsa ya ajiye a ƙuryar shagonsa na gyaran na'urori, a lokacin da mai sha'awar rubuta manhaja a garin nan ba shi da wanda zai tambaya sai kansa. Tsarin ba shi da wuya: mutum ya aika tambayarsa adireshi ɗaya, ta isa ga kowa. Sai dai babu saƙon da ke fita sai Malam ya karanta shi. Bayan sallar asuba, kafin ya ɗaga ƙofar shago, zai zauna ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ya sake su. Mai zagi ya mayar masa da abinsa, mai jin kunyar tambaya ya gyara masa jimla ya tura kamar ba a taɓa ba. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da yau ake kira injiniyoyi a Abuja da Legas, a hannunsa suka fara sanin yadda ake yi wa na'ura magana ta ji.

A bara ne babban taron ƙungiya ya yanke shawarar ƙaura zuwa sabon dandali na zamani, inda ake saka hoto, a binciko tsohuwar muhawara cikin sauƙi, a kuma ga amsa nan take. Marigayi bai yi jayayya ba, hasali ma shi ya taimaka aka kwashe tsofaffin muhawarori zuwa can. Abu ɗaya ya tsaya a kai, shi ne cewa shafin dandalin yana da nauyi, kuma a Gadaka da Danchuwa da ƙauyukan Fika, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, imel yakan lallaɓa ya shiga ƙaramar waya, amma dandali ko buɗewa ba ya yi. Saboda waɗannan bayin Allah ya bar tsohon zaure a buɗe, ya kuma ɗora wa kansa aikin kwaso abin da aka tattauna a dandali ya tura musu kowace safiya, ya ɗauko tambayoyinsu ya kai dandali. Waɗanda a da suke taya shi tantance saƙo duk suka miƙa masa ragama suka yi gaba, ya rage shi kaɗai. Wasu matasanmu har suna suka sa wa wurin, wai zauren tsofaffi, suna yi suna dariya a gabansa. Mun ji su, kuma wallahi ba mu manta ba.

Ranar da ya rasu, kafin a gama yi masa wanka labari ya cika sabon dandali, an jera hotunansa da alamomin hawaye. A tsohon zaure kuwa ko kalma ɗaya ba ta fita ba, domin wanda zai saki saƙon shi ne ake yi wa sutura. Ƙungiya ba ta gane girman wannan al'amari ba sai ranar sadakar uku, da Malama Bintu, malamar makaranta a Gadaka wadda ke koya wa ɗalibanta abin da take tsinta a zauren, ta biyo mota ta zo Potiskum da niyyar yi wa Malam ƙorafin ya riƙe mata tambaya bai saki ba. Ta tarar da shago a kulle, aka yi mata kwatancen gida, ta iso ta ga tabarmi a ƙofa da maza zazzaune. Nan ta durƙushe, sai da mata suka fito suka kama ta. Kaico! Irin Malama Bintu nawa ne a can suke duba waya kowace safiya suna cewa Malam ya makara? Ƙungiya ba ta sani ba, domin adireshinsu duka yana cikin waccan kwamfuta, kuma da yawansu da sunan da suke rubutu kawai muka san su.

A kan wannan ne ƙungiya take miƙa roƙo na musamman ga babban yayan marigayi, mai girma Alhaji Shehu Yaji, wanda mukullin shagon ke hannunsa. Kwamfutar tana nan a kunne, sola da batir ke riƙe da ita, kuma marigayi ya sha faɗa mana cewa ma'ajiyarta ta tsufa ainun, ranar da ta mutu ba lallai ta sake tashi ba. Alhaji ya ce ba za a taɓa komai na shagon ba sai an raba gado, domin akwai haƙƙin marayu a ciki. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu ɗan ƙungiyar nan da zai sa hannu a kan abin da ba a ba shi izini ba. Amma mun samu labarin ana shirin sauke solar da tattara kayan shagon wuri ɗaya kafin masu rabo su zo. Don girman Allah, Alhaji, a tattara komai a bar wannan kusurwa. Idan aka zare waya ɗaya ta ƙi tashi, mutanen da marigayi ya yi shekaru yana riƙe da su sun ɓace mana ke nan, ba mu da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa mu same su.

Ƙungiya ba za ta ɓoye wa iyali nauyin abin da take roƙo ba. Ranar ɗaya ga kowane wata, kwamfutar da kanta takan aika wa duk wanda ke zauren wani gajeren saƙo da marigayi ya rubuta tun farko, da sunansa a sama: “Salamu alaikum. Ina nan. Duk mai tambaya ya turo.” Wata ya zo ƙarshe, kuma ba mu da hanyar tsayar da saƙon sai ta kashe na'urar. Zai shiga wayar kowa, har da ta mai ɗakinsa, Malama Hajjo, wadda da adireshinta ya fara gwada zauren, alhali tana cikin takaba. Muna ba ta haƙuri tun kafin ranar ta zo, muna kuma roƙon 'yan'uwa mata da ke zaune da ita su karɓi wayar su ajiye a wurinsu. Mutanenmu na ƙauye kuwa za su karanta, su yi hamdala cewa Malam ya dawo, su ci gaba da turo tambaya.

Shugabar ƙungiya, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin mambobi na gida da na nesa, suna miƙa ta'aziyyarsu ga Malama Hajjo da 'ya'yanta, da Alhaji Shehu Yaji, da dukkan dangi da maƙwabta da abokan sana'ar marigayi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ilimin da ya yaɗa ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Allah ya ba iyalinsa juriya da dangana, ya raya marayun da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Muna kira ga duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi, direba ne mai bin hanyar Fika ko ɗan kasuwa mai cin kasuwar Gadaka, idan ya san wani malami ko ɗalibi da ke karɓar imel daga Malam Babakura, ya je ya gaya masa rasuwar da baki kafin sabon wata ya kama. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, mun tura wannan ta'aziyya sabon dandali, mun kuma tura ta tsohon zaure. A dandali an karanta. A zaure tana nan a layi tare da tambayar Malama Bintu, tana jiran Malam ya sake ta.

Sa hannu:
Malam Salisu Ɗantala
Kakakin Ƙungiyar Masu Rubuta Manhaja ta Potiskum da Kewaye
A madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu