Hannun Inna a Bakin Tanderu

Laraba, bayan isha'i. Deira, a ƙasar Larabawa.

Yau na yi abin kunya a wurin aiki. Tun safe muka kunna tanderun gwaji, wanda da shi muke daidaita na'urorin da ke auna zafi daga nesa, ba sai sun taɓa abu ba. Awa uku muna jiran zafinsa ya tsaya cik. Ana cikin awo, ban san lokacin da na kara bayan hannuna a bakinsa ba, na tare wa na'urar gani. Sai da muka sake daga farko.

Shugabana, wani Balarabe, ya ce, "Habibi, ƙasa guda ta dogara da awon nan, kai kana gwadawa da fata?"

Na ba shi haƙuri kawai. Yaya zan yi masa bayanin Inna? Haka take yi kafin ta manna gurasa, ta kara hannu a bakin tanderu, ta ce, "Da saura." Ban taɓa ganin ta ƙona ko ɗaya ba.

Da aka tashi na kira ta. Ashe ta daina gashi tun bayan sallah. Hannun ya daina jin zafi, har ta ƙone ba ta sani ba. Kuma duk gidan aka rasa mai gaya mini!

Tana dariya ta ce, "Kai da awon zafi ne aikinka, zo ka riƙa duba mini wutar mana."

Na kasa dariyar. Shekara uku rabona da Kano. Hannun da na koyi aikin nan a wurinsa ya ƙone, ni ina nan ina gadin wutar wasu.