Katantanwar Rijiyar Meshak

Litinin, 8 ga Fabrairu, 1954

Maigidana Meshak ya fito daga rijiyar da yake haƙa mana a Madakiya da wani abu a hannu. Katantanwa ce, amma ta zama dutse. Ya ce suna nan jingim a ƙasa, kwance a jere. Ina ruwa ya taɓa zuwa wannan tudun? Na ce ya mayar. Dariya ya yi.

Asabar, 13 ga Fabrairu

Inna, uwarsa, ta gani ta ja da baya. "Ɗana, ka taɓa kwanon waɗanda ke ƙasa." Ni mai zuwa majami'a ce, bai kamata in ji komai ba. Amma na kasa cin tuwo.

Laraba, 3 ga Maris

Wani Bature mai duba duwatsu ya zo daga Kafanchan. Wai da can tafki ne a nan, tun ba mutane. Wai ba wanda ya taɓa ganin irin wannan, don haka zai sa mata sunan Meshak. Sunan mai rai a kan mataccen abu! Na tsaya bayan rumbu ina saurare. Meshak kuwa har da godiya.

Juma'a, 5 ga Maris

Zazzaɓi ya kama Meshak. Bai gane ni ba.

Lahadi, 14 ga Maris

Ya rame sosai, ruwa ma da ƙyar. Inna na cewa an tafi da sunansa, jikin zai bi. Fasto Yakubu ya yi addu'a, ya ce sauro ne, Martina, ki ba shi kwinin, maganin zazzaɓi. Na ba shi. Na kuma je bakin rijiyar na ce wa waɗanda ke ƙasa su yi haƙuri, ba da gangan ba ne. Ubangiji ya gafarta mini, ban san wa na roƙa ba.

Talata, 23 ga Maris

Ya nemi kunu da bakinsa.

Alhamis, 18 ga Nuwamba

Baturen ya dawo, ya ce sunan katantanwar ya zauna: "meshaki". Har yanzu in Meshak ya yi tari, sai in taɓa goshinsa.

A kasuwa maƙwabciyata Regina ta tambaye ni da ƙarfi, wai da gaske an raɗa wa dodon koɗi sunan mijina? Mata suka kwashe da dariya. Na ce ba dodon koɗi ba ne, katantanwar ruwa ce, kuma duk duniya a rijiyarmu aka fara ganinta.

Rijiyarmu na ce. Da ƙarfi kuma.