Yatsu Huɗu da Na Rage wa Teku

Ni, Baudilio Angulo Cuero, wanda ya duba ma'aunin teku a Punta Garza shekara arba'in da ɗaya, ni nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa, amma kaina garau yake. Fada Evaristo ya zo jiya ya yi mini tambayoyi har da sunan kakata, na amsa duka, zai kuma sa hannu a ƙasa. Na faɗi haka ne don kada waninku ya kai abu na uku ya ce tsufa ne ya sa tsoho sambatu.

'Ya'yana Yolima, Aristides da Dionisia, ku karanta wannan takarda ku uku a ɗaki ɗaya. Ban yarda a ɗauki hotonta a tura ta waya ba.

Na ɗaya. Gidan nan na Dionisia ne, katakonsa da kwanonsa da ƙofofinsa. Ban ce ƙasar da yake kai ba, don ita ba ta da sauran amfani. A kwance shi a hau da shi tudu. Kwalekwale da injinsa na Aristides ne. Bishiyoyin kwakwa na bakin rafi naku ne ku uku, kada a sayar.

Na biyu. Littattafaina arba'in da ɗaya, waɗanda ke cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, na Yolima ne. Kun san aikin, kun tashi kun gan ni a kansa. Kullum ƙarfe bakwai na safe ina ƙarshen gadar da jirage ke tsayawa. In karanta inda ruwa ya kai a jikin sandar awo da ke kafe a ginshiƙi, in shiga ɗakin ma'auni in daidaita alƙalamin da ke zana a takarda da abin da sandar ta nuna, in wana agogo, in rubuta. Ranar Litinin in canja takarda. Ban tsallake ko rana ɗaya ba, har ranar da aka haifi Aristides, wanda mahaifiyarku Otilia ta mutu ba ta daina yi mini gorinsa ba.

Shekara bakwai ke nan da aka kafa na'urar da ke aika lambobi birni da kanta, aka sallame ni da takardar yabo. Duk da haka ina zuwa, sai watan jiya da ƙafa ta ƙi. Ba wanda ya sa ni. Gidan ne ya yi mini faɗi tun da Otilia ta tafi, ku kuma kowa ya kama gabansa. Ina kewarku, ban iya faɗa a waya ba ne kawai.

Na uku. A watan Oktoba na 1989, kawunku Nemesio, Allah ya ji ƙansa, ya iso da jirgi shaƙe da katako. Dokar ofis ta hana a ɗaure jirgi a ginshiƙin da sandar take. Ya ce, “Haba suruki, awa ɗaya fa, in sha ruwa in wuce. Ko ginshiƙin ma ka aura?” Na yi dariya na bar shi. Ruwa ya juyo, jirgin ya daki ginshiƙin, sandar ta ɓalle ta faɗa teku.

Na tsamo ta ba ta karye ba. Abin da ya kamata shi ne in rubuta wa ofis, su turo safiyo ya auno daga ƙusar tagulla da ke kafe a dutsen bayan coci, ya mayar da sandar daidai inda take. Amma lokacin Yolima ta shiga sakandare, Dionisia tana goye, na ji tsoron kora. Na ɗauki guduma da kaina. Wurin tsofaffin ramukan ya tsage, ƙusa ba ta kamawa, sai na ɗaga sandar sama zuwa inda katakon ke da ƙwari. Yatsu huɗu, wajen santimita takwas. Na ce a raina, mene ne yatsu huɗu a tekun da ke hawa da sauka mita huɗu kowace rana? A littafin ranar na rubuta: an yi ruwan sama, komai lafiya.

Tun daga ranar, duk lambar da na rubuta ta gaza gaskiya da yatsu huɗu. Safiyo bai zo ba sai bayan shekara shida. Ya iso jirgin komawa na jiransa, ya tambaye ni ko an taɓa sandar, na ce a'a. Ya ci kifi da miyar kwakwa a gidan nan, ya kwafi tsohuwar lamba ya tafi. Da aka kawo sabuwar na'ura, da sandata aka daidaita ta, ita ma ta gaji ƙaryar.

Mahaifiyarku ba ta san wannan ba, amma ba ta taɓa yarda da lambobina ba. Duk lokacin puja, babban ruwan sabon wata, takan tsaya a madafa da zaninta a tattare ta ce, “Baudilio, sandarka ta ce ruwa bai ƙaru ba. To uban wa ke jiƙa mini murhu?” In ce mata ƙasa ce ke zama. Ta ce, “Je ka gaya wa itacena.”

Na huɗu. Yolima, ke na fi cuta. Ke ce kika yi karatun teku, kika tattara littattafan tashoshin gaɓar nan duka, kika ja layi kika nuna yadda teku ke hawa shekara bayan shekara. Kin zo mini da rahotonki da sunanki a bangonsa, kika buɗe shafin Punta Garza kika ce, “Baba, duk gaɓar nan babu littafi mai tsabta kamar naka. Kuma ka ga, a nan ruwan da ƙyar yake hawa, ba kamar sauran wurare ba.” Na riƙe rahoton ina murmushi. Ranar ya kamata in yi magana. Daɗin yabonki ne ya rufe mini baki, ba wani abu ba.

Ga abin da za ki yi. Ki zo a pujar watan Maris, lokacin da ruwa ke janyewa har ƙasa. Ki sauka a ginshiƙi na uku daga ƙarshen gada, ki kankare kwanson da ya manne. Tsofaffin ramukan suna nan da tsatsarsu a gefen sandar. Ki auna da kayan aikinki, kada ki dogara da yatsuna. Sannan ki rubuta wa ofis, ki gyara rahoton, ki sa sunana a fili da kwanan watan. Za su yi magana a kanki, na sani. Ki ce musu mahaifinki ne ya yi, ke kuma kika gyara. Idan sun nemi takardar yabonsu, tana jikin bango.

Na biyar. Aristides, kada ka gina masaukin baƙin nan a filin bakin teku. Na san ka sayi turaku, na san ka sayar da ragar kamun kifinka biyu don su. Sau uku ina hana ka, kana cewa, “Tsoho, takardar Yolima ce fa ta ce ba komai. Ko ka fi ta karatu ne?” Ban fi ta karatu ba, ɗana, na dai san abin da aka ba ta ta karanta. A wannan fili da ya kwanta kamar faranti, yatsu huɗu a tsaye taku da yawa ne a kwance, kuma 'ya'yanka ne za su kwana a wurin. Na ba ka gonar ayabata da ke kan tudu, kai kaɗai. Baƙi ma suna da ƙafafu, za su hau.

Ka kuma je wurin shugabar kwamitin gari ka karanta mata abu na uku. Da rahoton nan aka ƙi ba mu sabon fili a sama da muka nema. Su sake nema.

Na shida. Dionisia da Aristides, shekara huɗu ke nan ba kwa gaisawa a kan filin bakin tekun nan, tun addu'ar kwana tara ta mahaifiyarku. Kun ga yanzu abin da kuke faɗa a kai, nan da 'yan shekaru kaguwa ce za ta zauna a ciki. Ku bar maganar. Kada kuma ɗayanku ya ɗora wa Yolima laifi, ko ya je ya ci fuskar 'ya'yan Nemesio. Shi roƙo ya yi, ni na ɗauki guduma.

Na bakwai. Na yi wa Otilia alkawari zan kwanta kusa da ita a maƙabartar bakin yashi. Ba zan cika ba. A pujar bara na je na tarar ruwa ya kai gindin gicciyenta, na tsaya a ciki har idon sawu ina ba ta haƙuri. Ku kai ni tudu, bayan gonar ayaba. Na san babu kowa a can, ni zan fara. Na saba zama ni kaɗai, amma ba na so ya daɗe. Ku bar wuri a haguna.

Mata su yi mini waƙoƙin rakiya kamar yadda aka yi wa kowa, a ba masu haƙa kofi da burodi su ƙoshi.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya ba Yolima ƙarfin zuciya a gaban mutanen ofis, ya buɗe wa Aristides hanya a kan tudu, ya dawo da Dionisia gida ko sau ɗaya a shekara. Ku yafe mini in kun iya. Ku riƙe juna, ba ku da wasu.

Idan Fada ya samo izini, ku je ku ɗauko mini mahaifiyarku kafin ruwa ya riga ku. Kada ku ɗauki 'yan ƙwadago. Hanyar tana da santsi, mutum biyu ba za su iya ba. Ku ɗauko ta ku uku.

Baudilio Angulo Cuero
Punta Garza