Dawakin da Janar Ya Bari a Rasha

Lunéville, 3 ga Maris, 1834

Firmin, tsohon maƙerina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Madam Gouazé, kuma har yanzu kana zagin dawakin mutane kamar yadda ka saba. Ni dai ƙafa ta ƙi. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kan sirdi, yau hawa bene ya gagare shi.

Magajin garinmu zai sa wa wani titi sunana, ya ce in rubuta tarihin aikina a karanta a gaban jama'a. Na rubuta Italiya, na rubuta Masar da Sifen, da raunukana bakwai. Da na zo kan Rasha sai alƙalami ya tsaya. Ka san har yau ana gunaguni cewa na shiga da dawaki ɗari tara na fito da goma sha ɗaya. Ga takarda na haɗo maka, tana cewa ba mu da ƙarfen da za a ƙera musu takalmi mai haƙora na tafiya a kan ƙanƙara. Kai ne shugaban maƙeran rundunata, kuma kai kaɗai ka rage. Sa hannu kawai, ka bar tsoho ya huta.

Naka,
Janar Aurélien Vaucresse

Tarbes, 21 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa da girmamawa. Madam Gouazé ta rasu bara waccan, na gode da tambaya.

Ƙarfe kam muna da shi, amalanke uku. Ni na kawo maka takalmin da na cire daga mushen dokin wani sojan Polan, na ce, "Janar, dubi haƙoran nan. A ba ni kwana huɗu in yi wa namu." Kana murza gashin baki ka ce, "Haba Firmin! Dokin Faransa da takalmin manoma? Ai sai ya ɓata masa taku. Sanyi kuma sai Disamba." Ka sa aka bar maƙerar a baya don kada ta rage mana sauri.

Ƙanƙara ta lulluɓe hanya tun farkon Nuwamba. Doki in ya zame, ya zame ke nan. Ɗaya ya faɗa a kan ƙanena ya murƙushe masa cinya, muka jingina shi da itace muka wuce. Yana kirana har muka sha kwana.

Ba zan sa hannu ba. Amma ka kwantar da hankalinka, shekara ashirin da biyu ban faɗa wa kowa ba, ba yanzu zan fara ba. Na gaji, ranka ya daɗe, kuma ba ni da sauran fushi.

Allah ya sawwaƙe ciwon ƙafa.
Firmin Gouazé

Lunéville, 30 ga Afrilu

Firmin,

Bayan gaisuwa, Allah ya ji ƙan matarka. Ban sani ba.

Wasiƙarka ta sa na yi mako guda ina zaginka. Na ce ɗan banzan maƙeri, safiya ɗaya za ta cinye mini shekara arba'in? Daga baya ƙarfin zagin ma ya ƙare. Abin da ka faɗa haka aka yi, har murza gashin bakin ina tune.

Na rubuta tarihin yadda yake na kai wa magajin gari. Ya karanta, ya yi tari, ya ce majalisa za ta sake duba maganar titin. Ka san ma'anar haka. Ɗiyata ta daina yi mini magana a tebur. Duk da haka ranar Lahadin ƙarshe ta watan Mayu zan sa a ɗauke ni a kujera zuwa ƙofar coci in karanta da kaina, ko mutum uku ne suka tsaya.

Saura abu ɗaya, kuma kunya ta hana ni barci a kansa. Na tuna dabbar da ta danne ƙanenka sarai: baƙar goɗiya ce mai farin goshi, Coquette, ni na zaɓo ta a kasuwar Caen. Amma sunan ƙanenka ya ɓace mini. Na bar gurbinsa a takardar. In ka ga ban cancanta ba, ba zan ga laifinka ba.

Naka,
Vaucresse

Tarbes, 14 ga Mayu

Janar,

Ina gaisuwa.

Sunansa Théophile. Shekararsa goma sha tara. Ka ɗaga murya in ka zo kansa, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.

Ka huta lafiya.
Firmin