Buroshinki Ya Karye a Kaina

Yaya,

Na fita kina barci. Gara ki ji daga gare ni: buroshin gashin nan naki mai tsada ya karye, kuma ni na karya shi.

Ɗazu na tsefe kitsona, na nemi matajina sama ko ƙasa na rasa, sai na buɗe durowarki. E, na san kin hana. Ja biyu haƙoransa suka fara zubewa, a na uku mariƙin ya rage a hannuna, sauran ya maƙale a ƙeyata. Sai da Mama ta ciro shi da tsohon matajinta na katako, tana dariya har da hawaye.

Buɗe durowa laifina ne, na amsa. Amma ba zan ba da haƙuri a kan buroshin ba. Wata uku kina lallaɓa shi cikin kwalinsa kamar gwal, ashe don gashin 'yar tsana aka yi shi.

Gutsattsarin suna cikin kofi gaban madubi. Ki mayar wa mai shagon. In ya yi gardama, ki kira ni in kai masa kaina ya gwada wani.

Ƙanwarki