Gudun Kawu Sale a Filin Gishiri

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya yara, yaya jikin Inna?

Tsohuwar tasin nan da Kawu Sale ya daɗe yana harhaɗawa da tarkace a unguwar Mahjar ta tashi. Ranar Juma'a muka kai ta filin gishiri bayan unguwar Khumra, inda direbobi ke gwada gudu. Shi ma ya shiga tseren. Idonsa ya yi rauni, sai na zauna gefensa ina nuna masa hanya.

Yaya, ƙasa fara fat, sama ma haka, kamar cikin gajimare muke tafiya. Mu muka zo ƙarshe. Kawu ya share hawaye yana dariya, ya ce, "Halas, shi ke nan, Bala, na ga abin da nake son gani."

Jibi za a yi masa aikin ido. Ku taya mu da addu'a. Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Bala